Ranar da Akori-kura Ta Tsaya Cak

Jabiri, Funtua,
ƙarshen damina.

Zuwa ga aminina Alhaji Manu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ƙafar? Yaya zaman Kaduna? Mu nan sai godiya, ruwa yana sallama, masara ta fara bushewa a kara.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na kira ka a waya kwanan baya, na yi ta zuba har maƙogwarona ya bushe, kai kuwa ba abin da kake cewa sai amin, amin. Nan na gane kunnen nan naka ya ajiye aiki. Idon dai na san yana nan, shi ya sa na koma wa biro. Direbobin tasha za su riƙa kawo maka.

Abin da nake faɗa maka kana cewa amin shi ne, an raba ni da makullin motata.

Ka san akori-kurata, Fijon nan mai ruwan toka da na saya tun muna dakon auduga ni da kai. Mun je gaisuwar rasuwa Gozaki ni da uwargidana Hajiya Tsohuwa, muna dawowa, bayan motar wayam ba ko buhu ɗaya. Gab da Bakori sai shanu suka ɓullo daga cikin masara suka hau titi. Na gan su da wuri, Manu, Allah shaida ne. Na taka birki yadda ake takawa. Maimakon ta tsaya, sai ta durƙusa da gabanta kamar raƙumi, bayanta ya ɗaga, tayoyin baya suka saki ƙasa suka ƙame, gindinta ya zagayo ta hagu. Da ƙura ta lafa muna cikin ramin gefen hanya, hancinmu yana kallon inda muka fito. Ko jelar saniya ban taɓa ba. Amma Tsohuwa ta bugi ƙofa, ƙashin hannunta ya tsage. An yi ɗori, da sauƙi.

Kafin a fito da motar, Babba ya iso. Ka san shi ne ɗan farina, kuma ka san ni. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama da shi mun yi doguwar magana ba, haka na ga mahaifinmu ya yi da wanmu. Babba ne ya sa aka jawo motar har ƙofar gida, shi ya zare makulli, kuma makullin bai dawo ba. Yana zuwa kullum da safe ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ya tashi. Ni ba ni da bakin tambaya, shi ba shi da bakin bayani.

Sai na tura Isah ƙanena, dillalin hatsin nan. Ya dawo ya ce yaran duk sun haɗa baki, wai shekaru sun ja, ido da ƙafa ba kamar da ba. Na ce ya koma ya faɗa wa Babba ƙafata ta yi aikinta, motar ce ta ci amanata. Duk wanda ya san mota ya san haka. In ka danna gabanta da hannu ka sake, sai ta yi ta rawa sama da ƙasa kamar an kaɗa mata kalangu. Shokazoba sun mutu tun tuni, ni na yi ta lallaɓa ta saboda na san halinta.

Isah ya tafi ya dawo yana washe baki. Ya ce Babba ya yarda a gyara ta, in na tuƙa ta a gaban mutane na taka birki ta tsaya miƙe, makulli zai dawo hannuna.

To, ga roƙona. Ka sa ɗaya cikin mutanenka ya shiga kasuwar Panteka ya nemo mini shokazoba na gaba da na baya, na asali, ko da na hannu ne in dai da ransu. A nan ba a samun sai jabu masu ƙyalli. Kai da ciwon ƙafa ya sauke ka daga sitiyari ka fi kowa sanin abin da nake gudu. Tun ina saurayi ni ke kai mutane. Ba na son in wayi gari ina zaune a dakali ina jiran wanda zai ga dama ya kai ni gonata.

Tsohuwa tana gaishe ka da Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka har kullum,
Sada.

*

Jabiri, Funtua,
tsakiyar kaka.

Aminina Alhaji Manu,

Sallama irin ta addini, da gaisuwar kewa. Ina fata ƙafar tana barinka ka kai masallaci. Saƙo ya iso, shokazoba huɗu a naɗe cikin buhu, da takardarka. Allah ya saka, Allah ya bar zumunci. Na ga inda ka ce in bi a hankali da yara. Na ji. Ai a hankali nake bi, tunda a ƙasa nake.

Motar tana garejin Segun. Za ka tuna mahaifinsa, marigayi Quadri bakanike na bakin tashar jirgi. Segun a nan aka haife shi, yanzu har ya yi furfura, Hausarsa kuwa ta fi tawa iya zagi. Babba ya ba shi makulli da sharaɗin kada ya kuskura ya miƙa mini. Kullum nakan hau Keke Napep in je in zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota ina kallo. Waɗannan masu keken, Manu, ba su san birki ba sai sun ga ƙeyar na gabansu. Su ba wanda ya karɓe musu makulli.

Da Segun ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya tambaye ni wane maƙiyin Allah ne ya yi mata wannan aika-aika. Na ce ubansa ne. Ka tuna zamanin dakon masara, kowa ya ƙara wa sifirin ɗin baya falle-falle don mota ta ɗauki lodi ba ta zauna ba? Kai ma ka ƙara wa taka. Da lodi lafiya lau take tafiya. Amma yau shekaru ke nan ba ta ɗaukar kowa sai ni da Tsohuwa, ita kuwa Tsohuwa ba ta kai buhun dusa ba. Bayan motar ya zama kamar katako, kowane ɗan tudu sai ya yi tsalle. In aka taka birki da ƙarfi nauyi ya koma gaba, ba abin da ya rage yana danne tayoyin baya.

Gaban kuwa abin dariya ne. Wani shekaran can wani mai gyara a hanyar Malumfashi ya ɗura wa shokazoban gaba man giyar mota, wai ya fi kauri, ya fi riƙo. Na dama ya riƙe nasa ya yi tauri, na hagu ya tsiyaye ƙaf. Ka ga ƙafa ɗaya sanda, ɗaya lagwani. Robobin da ke riƙe ƙarafan ƙafa duk an maye su da yankakkiyar tsohuwar taya, sun lallatse. Ƙarfen nan da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu don kada mota ta kwanta a kwana, gefe ɗaya waya ce ta ɗaure shi. Segun ya ce abin mamaki ba faɗawata rami ba ne, abin mamaki shi ne inda na kai kafin in faɗa.

Mun zare fallayen da aka ƙara, ta koma yadda aka ƙera ta. An sa shokazobanka, an sa sababbin robobi, an ɗaure ƙarfen nan da kyau. Birkin baya Segun ya sassauta shi kaɗan don na gaba ya riƙa fara kamawa. Har iskar taya sai da muka yi faɗa da mai faci, shi a wurinsa taya ba ta cika ba sai ta yi ƙara kamar ganga.

Ana cikin haka sai ga sababbin tayoyi daga Babba, ba wanda ya roƙe shi. Isah ya ce in gani, yaro ya sauko. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina.

Jiya Segun ya ja ta muka fita hanyar Zariya, ina gefensa. Ya ba ta wuta ya taka birki. Manu, ta ɗan sunkuya kawai kamar mai amsa gaisuwa, ta tsaya a kan ƙafafunta. Ba rawa, ba ja gefe. Na ji ta a bayana, na ji ta a tafin ƙafata. Na ce ya matsa in ɗana ko daga nan zuwa bishiyar can. Ya ce in rufa masa asiri, amana aka ba shi. Na zage shi, ya rama da wanda ya fi nawa, muka dawo.

An cire wa Tsohuwa karan ɗori. In na kawo mata labarin mota sai ta ce Allah ya sa alheri, ta shiga zancen tsadar manja. Na ɗauka tsoro ne bai sake ta ba.

An sa ranar gwaji Asabar mai zuwa. Ka taya ni da addu'a.

Amininka,
Sada.

*

Jabiri, Funtua,
bayan an gama sussuka.

Alhaji Manu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga.

An yi gwajin. A filin tsohon gidan gurzar auduga aka yi, inda muke jera motoci da can muna jiran awo. Da hantsi ne. Ban gayyaci kowa ba, amma ka san Funtua: 'yan gareji, 'yan majalisarmu, masu keke, har da masu ɗaukar hoto a waya. Segun ya jera buhuna layi biyu ya danne su da duwatsu, ya bar tsakani daidai faɗin mota da ɗan rara. Aka ce in taho da gudu, in Isah ya ɗaga hularsa in taka birki. Babba yana tsaye can gefe, hannuwansa a baya.

Segun ya miƙo mini makulli. Na shiga, na gyara madubi duk da ba abin da ya same shi. Na ja ta har ƙarshen fili na juyo, na ba ta giya ɗaya bayan ɗaya. Ina shiga tsakanin buhuna Isah ya ɗaga hula. Na taka.

Ta tsaya cak, Manu. Miƙe kamar an ja zare. Ko buhu ɗaya bai motsa ba.

Wani ya ce sa'a ce. Na koma na sake, da gudun da ya fi na farko. Segun ya sa aka kwara ruwa a wurin don ƙasa ta yi santsi, na sake. Na sake har da sakin sitiyari, na ɗaga hannuwana sama kowa ya gani. Mutane suna tafi, 'yan majalisa suna cewa direba yana nan. Ban san rabon da in ji jinina yana gudu haka ba.

Sai na fito na bar ta a kunne, don in nuna musu yadda gabanta ya zauna daidai. Ina danna ta da hannu, tana dawowa sau ɗaya ta nutsu, sai na ji injin ya mutu. Na ɗago. Babba ne a ciki. Ya zare makulli ya sa a aljihu, ya zagayo ya buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, ya durƙusa a wurin yana jira in shiga.

Na dubi Isah. Isah ya duƙufa yana kakkaɓe hularsa kamar ita ce ta faɗa rami.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba. Bakina ne ya buɗe da kansa, a gaban duk jama'ar nan.

"Zaharaddeen," na ce, "ba ni makullina."

Kowa ya juyo ya dube ni, don duk wanda ke nan ya san ban taɓa faɗin sunan nan ba. Shi kuwa bai ɗago ba, ya ƙara yin ƙasa da kai.

"Baba, ka gafarce ni," ya ce. "Ni ban ce zan mayar ba. Cewa na yi a gyara ta don a riƙa kai ka duk inda kake so."

Na tsaya ina kallon tsakiyar kansa. Ashe har ya fara sanƙo, ban sani ba. Ban shiga motar ba. Na ratsa mutane na fita titi na tare keke. Ina jin Segun a bayana yana ta masifa da Yarbanci, wanda rabon da in ji ya yi tun rasuwar ubansa. Shi kaɗai ne bai san komai ba, shi da ni.

Da la'asar Isah ya zo da goro a hannu. Bai ma yi wahalar musu ba. Ya ce tun zuwan farko Babba ya faɗa masa ko sabuwa ce fil daga kamfani ba zan ƙara tuƙi ba, shi ba zai jira ranar da za a kira shi ya ɗauko gawar iyayensa a hanya ba. Isah ya ga wannan magana ba ta kawuwa gare ni ɗanya. Sai ya ce wa Babba na haƙura da tuƙi, burina kawai in ga motar da lafiyarta, in ɗana ta sau ɗaya a fili. Ni kuma ya zo ya faɗa mini abin da ka sani. Wai haka ake yi a kasuwa, ka fara kawo mai saye da mai sayarwa gaban ma'auni, sauran ya daidaita kansa. Wai da ya kai wa kowa maganar ɗan'uwansa yadda take, da uba da ɗa sun ɓata. Na tambaye shi yanzu da ya gyara, me muka yi? Ya ce in ci goro.

Na shiga ciki. Tsohuwa ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ajiye mini fura ta koma gefe tana murza hannunta. Nan na gane ita ma ta sani, 'ya'yana mata da ke gidajen mazajensu sun sani, surukai sun sani. Duk wannan zirga-zirgar da nake yi gareji, ina dawowa da baƙin mai a riga ina ba su labarin sifirin, kallona kawai suke yi, an samo wa tsoho abin da zai ɗebe masa kewa.

Na gaji da rubutu. Ka gaida gida.

Sada.

*

Jabiri, Funtua.

Aminina Alhaji Manu,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Na samu takardarka, na ji daɗin jin ƙafar ta yi dama. Na karanta nasiharka har ƙarshe. Ka ce yaron ƙauna ce ta sa shi. Ban musa ba. Da ƙiyayya ce ai da na san yadda zan yi da ita.

Ba zan ce maka idona na saurayi ba ne. Da an zo an ce mini, Sada, ka tsufa, ka sauka, da na yi fushi na kwana biyu na haƙura, kamar yadda ka yi. Abin da ya tsaya mini shi ne an bar ni na shiga fili na yi gwaji, alhali ba abin da zan yi a filin nan da zai canja komai. Ko tashi sama na yi da motar, makullin aljihu zai koma.

An ɗauko direba, wani magidanci mai suna Awaisu, ba shi da laifi, yana da ladabi. Sau ɗaya na shiga, ranar jana'izar wani ɗan'uwan Tsohuwa a Malumfashi, don ba yadda zan yi. Tun daga nesa yake fara lallaɓa birki kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba, ba kuwa zai taɓa sani ba. Ni kuma duk hanya ƙafata ta dama tana danna ƙasan mota inda ba komai. Da muka dawo cinyata har ciwo take. Tun ranar ban ƙara ba. In zan je Gozaki motar kasuwa nake bi, a matse ni da masu kaji.

Babba yana nan yana zuwa gaisuwa, sai dai yanzu daga bakin zaure yake tsayawa. Ban ƙara kiran sunansa ba, shi ma bai ƙara yi mini magana mai tsawon ta ranar ba. Isah kuwa na ce ya huta da kai saƙo. Ka ga yanzu ba mai kai wa, ba mai kawowa, gida ya yi lafiya.

Motar tana ƙofar gida a ƙarƙashin darbejiya, Awaisu yana wanke ta kullum. Masu wucewa suna tsayawa su yaba. Wani ya ce bai taɓa ganin tsohuwar mota mai tsayuwa irin tata ba. Na ce masa ni ma haka.

Zan zo Kaduna bayan Juma'a in Allah ya kai mu. Babba ya aiko a ce mini Awaisu zai kawo ni. Na ce a gode masa. Tasha zan je in hau ta haya, gara wanda bai san ko ni wane ne ba ya tuƙa ni. Ka sa a shimfiɗa mini tabarma kusa da taka. Ba sai mun yi hira ba, tunda ba ji za ka yi ba. So nake in zauna in ga abin da kake yi da hannuwanka daga hantsi zuwa azahar, in koya.

Ka gaida Hajiya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne amininka,
Sada.